Koren Fasfo da Jan Fasfo

Sai da jirgi ya sauke mu a zango na farko na lura da kyau cewa fasfo ɗina da na mijina ba launinsu ɗaya ba. Ba wai ban sani ba tun a gida, amma sanin bai dame ni ba. Nawa kore ne, nasa ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana. Daga Kano tare suka taho a jakata, a naɗe cikin wani ƙyalle da kakata Iya ta turara mini, saboda haka ƙamshinsu ɗaya. Ina jin wannan ne ya sa na ɗauka hanyarsu ma ɗaya za ta kasance.

Mahaifin mijina ɗan unguwarmu ne, nan gindin Goron Dutse, kuma abokin Babana tun suna samari a Kasuwar Kurmi wajen masu fata. Fatauci ya kai shi Turai tun ba a haife ni ba, ya zauna can, can aka haifi ɗansa. A gidanmu ɗan Alhaji ake ce wa ɗan nasa, ni ma haka zan ce masa a nan, domin a gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta. Iya har yau, shekaru bayan rasuwar kakanmu, "mai soron nan" take ce masa. Ni na yi jami'a, na san ba addini ne ya hana ba, ba kuma doka ba, amma bakina bai yi jami'ar ba. Duk hirar da muka yi a waya kafin aure, da "kana ji" da "ka gane" na yi ta lallaɓawa.

An ɗaura aurenmu a masallacin unguwa yana can ƙasarsu, bai samu hutu ba, ƙanen mahaifinsa ne ya karɓa masa. Ni kuma ina ƙuryar ɗaki an lulluɓe ni. Sai da biki ya watse ya iso, ya zo ya tafi da ni in zauna tare da shi, in kuma ci gaba da karatu idan Allah ya nufa.

Zangon farko wani birni ne na Larabawa. Da hantsi muka sauka, jirginmu na gaba kuwa sai washegari, aka ce masu dogon jira za su iya shiga gari su huta a masauki. A nan na fara ganin yadda ake raba mutane. Wani babban zaure ne mai haske fari, an ja igiyoyi, an kafa alluna, kowa na riƙe da ɗan littafinsa a ƙirji. Ɗan Alhaji ya miƙa nasa, jami'in bai ma ɗaga kai sosai ba ya buga hatimi, ƙofar gilashi ta buɗe, ya wuce. Na miƙa nawa. Mutumin ya juya shi gaba da baya, ya ce masu irin wannan sai sun nemi biza tun daga ƙasarsu. Ya turo mini abina, ya kira na bayana.

Na tsaya ina kallon mijina ta cikin gilashi. Yana magana, ba na ji. Ya zana da'ira da yatsa a iska, na fahimci yana nufin zai zagayo. Ban san cewa wanda ya fita ba ya komawa ta inda ya fita ba, sai ya bi ta ƙofar masu tashi, a sake bincike shi daga farko.

A wannan zaman jiran ne wani mutum ya same ni. Yana sanye da kwat, da wani kati rataye a wuya, ya ce mini "Sannu Hajiya" da Hausar da ya tsinta a bakin alhazai. Ban san me ya sa ba, jin kalmomin nan biyu sai idona ya kawo ruwa. Ya ce yana sayar da layin waya mai aiki a kowace ƙasa ta duniya. Na tambaye shi ko ya tabbata, ya rantse. Na sake tambaya ko akwai rasit, ya ce injin ne ya lalace. Wataƙila da ina cikin hayyacina ba zan saya ba, ko kuma wataƙila zan saya, ban sani ba. Ya cire layina na gida, ya sa nasa, ya kira wata lamba wayar ta yi ƙara, ya ce kin gani. Na gode masa har sau biyu.

Wata tsohuwa 'yar Mali ce ta ja ni wajen salla da azahar. Ba ma jin yaren juna. Ta ga ina ta juye-juye ina neman alƙibla, ta kama kafaɗata ta juya ni kamar yadda ake juya yarinya za a yi mata kitso. Da muka idar ta ɓare dabino ta ba ni rabi, ta nuna lallen hannuna ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

Sai bayan la'asar ɗan Alhaji ya ɓullo, ya yi gumi, da ledar burodi a hannu.

"Malama Wataƙila," ya ce, don haka yake tsokanata, "na ga garin. Titi ɗaya na gani, da bayan wata motar haya. Ba ki yi asarar komai ba."

"Da ka je ka huta abinka."

"In huta in bar amarya a kan benci? Iya ta yanka ni." Ya zauna ya sauke numfashi. "Ki ji, daga yau duk layin da za a bi tare za mu bi. A ƙasarmu iyali suna bin layi ɗaya, ko fasfo ɗinsu ya bambanta."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"An rubuta a wani wuri?"

Ya yi dariya har ya ƙware da burodi. Ya karɓi babbar jakata ya rataya, wadda takardar aurenmu ta kotu take ciki, ya ce ta yi mini nauyi. Ya miƙa mini fasfo ɗina, ya sa nasa a aljihu. A wurin nan, cikin mutanen da ba su san gidanmu ba, na fara barinsa ya riƙe mini hannu.

Washegari, a bakin ƙofar shiga jirgi na biyu, na ji an ce, "Wa nake gani kamar Saudatun Malam?"

Na zare hannuna kafin in waiwaya. Baba Ɗanlami ne, maƙwabcin rumfar Babana a Kurmi, mai sayar da kanumfari da citta, wanda yake ba ni alewa tun ina zuwa kai abincin rana. Za shi ƙasar da za mu a duba masa ido, ɗansa yana jiransa a can. Na durƙusa na gaishe shi a tsakiyar mutane, ɗan Alhaji ma ya rusuna.

"Kai ne angon da muka ɗaura wa aure ba mu gan shi ba? To madalla, ashe akwai ka. Mun ɗauka a waya kake zaune."

Tun daga nan ban ƙara jerawa da mijina ba. Ba wanda ya ce in ja baya, ƙafata ce ta ja da kanta.

Da safe muka sauka a ƙasarsu. Ta tagar jirgi na ga sama da ƙasa duk launin toka, ban iya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ina tafiya a wani dogon lungu mai shimfiɗar kafet ina jin kamar ba na taka ƙasa. Ɗan Alhaji yana gaba da jakunkuna, ni ina baya ina bin takun Baba Ɗanlami, don idonsa ba ya ganin alluna. A ƙarshen lungun hanya ta rabu biyu. Wani ma'aikaci yana tsaye yana kallon hannun mutane, ja ya nuna dama, sauran launuka ya nuna hagu.

Mijina ya riga ya shiga dama. Ya juyo ya miƙo hannu ta saman igiya.

"Sauda, taho."

Na kalli hannun, na kalli allon da ya ce 'yan ƙasa kaɗai, na kalli Baba Ɗanlami da ke gyara zaman hularsa a gefena. Har yanzu ba zan iya cewa wanne ya fi rinjaye ba, tsoron karya dokar da ke rubuce ko kunyar in kama hannun namiji in bar dattijo a tsaye. Ina jin duka biyun ne.

"Ka je, ga Baba. Za mu taho tare."

Ya buɗe baki zai yi magana, mutanen bayansa suka turo, ya wuce yana waiwaye.

Layinmu ba ya tafiya gaba, nannaɗewa yake yi. Ka je ƙarshe ka juyo, ka sake haɗuwa da fuskokin da ka bari, kamar lungunan cikin gari da kan mayar da baƙo ƙofar gidan da ya baro. Ba taga, ba agogon da na gani, hasken wurin ba na safe ba ne ba kuma na yamma ba. Mutane suna magana ƙasa-ƙasa da harsuna iri-iri har sautin ya haɗu ya zama kamar ruwan sama a kan kwano. Nakan tura ƙaramar jakata da ƙafa, in ɗaga ƙyallen Iya in shinshina, sai in ga kaina a saman soronmu da yamma ina kwashe shanya. Dutsen yana nan ja a gabana, shirwa na shawagi a kansa, hayaƙin girki na tashi gida-gida, ladanin unguwarmu ya fara kira, na unguwar Shahuci ya karɓa daga nesa, wani ya karɓa daga bayansa. Sai igiya ta taɓa ni in dawo.

Akwai abin da nake ta kore wa zuciyata yana dawowa. Wata 'yar lungunmu, Hindatu, ta taɓa tafiya wajen mijinta a wata ƙasa, aka tsare ta a filin jirgi, aka sako ta a jirgin da ya biyo baya. Ban san ainihin dalili ba, kowa da abin da yake faɗa. Abin da na gani da idona shi ne akwatunanta a soro, ɗaure yadda aka ɗaure su ranar rakiya, mata suna shiga yi wa uwarta jaje kamar an yi rashi. Na tuna yadda aka raka ni, yadda Iya ta tofa mini addu'a a ka. Na ce a raina, idan aka mayar da ni, da wane ido zan shiga lungun nan.

A gabanmu akwai wani Bature dogo da matarsa, ina jin 'yar wajen Indiya ce, yana saɓe da jaririnsu. Jan fasfo ne a hannunsa, irin na mijina sak, amma ga shi a layinmu yana hamma tare da mu.

"Wancan ya ɓata hanya ne?" in ji Baba Ɗanlami.

"Ina jin matarsa ya biyo, Baba."

"Ikon Allah. Su nan haka suke yi?" Can ya ce, "To ai da kin bi naki mijin. Ni da zan bi bayan wannan dogon, ba zai ɓace mini ba."

Na ciro waya in gaya wa ɗan Alhaji ya jira ni kusa, kada ya yi nisa da jakar. Layin da ke aiki a kowace ƙasa ta duniya bai nuna ko sanda ɗaya ba. Na kashe na kunna, na ɗaga ta sama kamar yadda muke yi a ƙuryar ɗakin Iya. Shiru.

Da layi ya zo kaina, mace na samu, mai gajeren gashi fari da tabarau a kan hanci. Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta kuma sake ta ba. Da Turanci muka yi magana. Ta duba bizata, ta ce wajen miji na zo? Na ce e. Ta ce ina yake? Na ce ya bi ɗaya layin.

"Tare kuka zo, kuka rabu?"

"E. Wato, ban tabbata an yarda ba ne."

"Sunan ƙarshe na fasfo ɗinki ba irin nasa ba ne."

Na ce sunan mahaifina ne, mu ba ma canzawa. Ta gyaɗa kai, ta ce wannan ba komai. Ta nemi takardar aure, na ce tana jakarsa. Ta ce to, ko akwai hotunan biki a wayata?

Na ji sanyi a raina, don hotuna kam akwai su. Na buɗe mata na ɗaurin aure. Maza ne cike da ƙofar masallaci har bakin titi, fararen riguna, huluna, hannaye a sama ana fatiha. Ta matsa da yatsa, ta sake matsawa.

"Ina amaryar?"

"Ina gida. Mata ba sa zuwa wurin."

"Wanne ne angon?"

"Ba ya nan. Wannan ƙanen babansa ne, shi ya karɓa masa."

Na nuna mata na kamu, mata zalla, ni a tsakiya an rufe mini fuska. Ta cire tabaran ta ajiye. Ta tambaya a hankali ko akwai hoto ɗaya, ko guda, da ni da shi muke tare. Na yi ta matsawa. Akwai hoton akwatunana, akwai na lallena, akwai na Iya tana barci a kan darduma. Sai a lokacin na gane babu. Ɗan Alhaji ya sha cewa mu ɗauka, ina cewa bari sai mun isa.

Baba Ɗanlami, da aka ce ya tsaya bayan jan layi, ya matso da sandarsa.

"Me take cewa ne?"

"Shaidar aure take nema, Baba."

"Shaida? To ga ni. Gaya mata ina sahun gaba. Gaya mata na ci goron, har na kai wa iyali alewa."

Na fassara mata yadda zan iya. Ta ɗan yi murmushi, ta roƙe shi ya koma bayan layi. Sannan ta dube ni ta ce, "Mene ne sunan mijinki?"

Na san sunan yana gabanta a na'ura, so take ta ji daga bakina. Na buɗe baki. Baba Ɗanlami yana bayana, kusa yadda nake jin ƙamshin kanumfarin rigarsa. Sunan ya taso har maƙogwarona ya tsaya. Ban san tsawon shirun ba, wataƙila bai kai yadda nake ji ba, amma na ga fuskarta ta canza. Na lalubi waya na nuna mata sunan a rubuce.

"Ba za ki iya faɗa ba?"

Na fara bayani, cewa a wajenmu girmamawa ce, cewa kakata ma haka take, ina ji da kunnena yadda maganar take fita kamar ƙarya. Ta rufe fasfo ɗina ta ɗora hannu a kai. Ta ce ba ta ce na yi laifi ba, amma in babu mijin babu takarda, sai an kai ni wani ɗaki a yi ƙarin bincike, kuma ba ita za ta yanke hukunci a can ba. Ta ce in yana kusa ya zo yanzu, magana ta ƙare.

Na ɗaga kai na duba bayanta. Can ƙarshen zauren, bayan wani gajeren shingen gilashi, na hango shi da jakata a kafaɗa. Wani mai gadi yana yi masa nuni cewa ba a tsayawa a nan, yana nuna masa matakalar nan mai tafiya da kanta zuwa wajen ɗaukar kaya. Na ga yana roƙo, na ga mai gadin ya girgiza kai. Ya juya mini baya. Na riga na koya a zangon farko cewa wanda ya sauka ba ya dawowa.

Na ɗaga hannu, bai gani ba. Na ce "Kana ji," muryar ko kantar ba ta tsallake ba. Ya sa ƙafa ɗaya a kan matakalar.

"Munzali!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Zauren ya yi tsit, jaririn Baturen nan ya fasa kuka, jami'an sauran kantoci suka ɗago. Shi kuwa ya waiwayo da sauri har ya yi tuntuɓe, matakalar na jansa ƙasa yana takowa sama, jakar na dukan bayansa, sai da mai gadin ya kamo hannunsa ya fisgo shi.

Matar ta ɗaga waya ta yi magana, aka rako shi. Ya zaro takardar, ya ajiye jan fasfo ɗinsa kusa da korena. Ta duba, ta yi masa tambayoyi biyu ko uku da yarensu, ya amsa. Ta ɗauki fasfunan biyu za ta haɗa, sai ta tsaya, ta kai su kusa da hancinta.

"Turaren kakata ne," na ce.

Ta buga hatimi. Ta ce, "Nan gaba ku tsaya tare. Kowane layi kuka ga dama, amma tare."

Muka jira Baba Ɗanlami ya fito, wannan karon mai gadin bai kore mu ba. Na kasa kallonsa. Ya zo ya tsaya yana mayar da fasfo cikin aljihun 'yar ciki.

"Saudatu, ai har Kurmi an ji wannan kiran."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ni dai na ga yaro yana hawa tsani a baibai." Ya juya wajen mijina. "Kai kuma ka riƙe mata hannu mana, kada a sake raba ku. Ni idona ba ya gani."

Sai da muka kwana biyu na samu layin kirki na kira gida. Labari ya riga ni isa, Baba Ɗanlami ya gaya wa ɗansa, ɗansa ya gaya wa uwarsa, ita kuma ta shiga gidanmu da mayafi a hannu. Ƙannena suka yi ta karɓar wayar suna dariya, kowa na cewa in maimaita ya ji. Daga ƙarshe aka kai wa Iya. Na gaishe ta, ta amsa. Ina jin tsakar gidanmu ta bayanta, ana daka, kaji na kuka, wani yaro na tallan awara a lungu. Ina tsaye a bakin taga ina kallon wani titi jiƙaƙƙe da ba kowa a kansa, ina jiran faɗa.

"An ce kin kama sunansa a gaban jama'a."

"Iya, za a mayar da ni ne. Wato, ina jin za a iya mayar da ni."

Na ji Iya ta gyara zama.

"Ranar da aka fita da mai soron nan," ta ce, "na biyo su har bakin ƙofa. Na so in kira shi. Bakina ya ƙi."

Taɓaryar da ake daka da ita ta tsaya, ta ci gaba.

"Da kika kira, ya waiwayo?"

"Ya waiwayo, Iya."

"To shi ke nan. Ki dinga rufe kunnuwanki, an ce garin da sanyi."